Tsagar Arawa a Fuskar Yayana

A gidanmu kowa da tsagar Zamfarawa a kumatunsa, ban da mutum ɗaya. Babanmu yana da ita, Inna tana da ita, ni ma da na zo a ƙarshe sai da wanzamin gidanmu ya jera mini tawa. Yayana kuwa layi biyu ne kawai a kowane kunci, dogaye, daga gefen baki har kusa da kunne. Tsagar Arawa ke nan, mutanen da yawancinsu ke can ƙetare, a ƙasar Nijar. Mu kuwa ba mu da Ba'are a dangi ko na nesa. Kakanninmu a ƙauyenmu na bayan Nasarawa Burkullu aka haife su, a nan kuma aka binne su.

Dalilin bai ɓoyu ga kowa ba a ƙauyen. Inna ta yi wabi kafin a haife shi. Ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, wani ko suna bai kai ba, wani sai ya fara rarrafe ya shiga ranta sannan ya tafi. Tsofaffin mata suka ce mutuwa ta gane gidan, ta kuma gane fuskar 'ya'yan gidan, sai an ɓad da mata sawu. Saboda haka da aka haifi yayana ba a kira wanzaminmu ba. Wani wanzami ɗan cin rani da ya sauka a zauren mai gari aka kira, aka ce ya yi wa jaririn irin tsagar garinsu. Ya yi, ya wanke askarsa, damina na faɗuwa ya koma inda ya fito. Sauran aikin ya rage ga Inna: kada ta kuskura ta ce yaron nata ne, ko a gaban mutum ko a bayan idonsa.

Wannan ba kunyar ɗan fari ba ce. Mai kunyar ɗan fari suna kawai take ɓoyewa, in ka tsare ta da tambaya za ta sunkuyar da kai ta ce nasu ne. Inna cewa take yi ba nata ba ne.

"Baƙo na," haka take gaya wa duk wanda ya tambaya. "Wani Ba'are yab bar man shi, yac ce shina dawowa."

Liman ya sha yi mata wa'azi cewa camfi ne, rai da ajali duk na Allah ne. Sai ta ce gaskiya ne malam, Allah ya gafarta mana, ta koma gida ta ci gaba da abinta. Tana da hujjarta. Bakinta ya taɓa suɓucewa lokacin yana tatata, ya zame a bakin rijiya, ta ƙwala ihu ta ce wayyo ɗana. A makon nan ƙyanda ta kama shi, har an fara neman ƙyallen likkafani. Da ƙyar ya tashi. Tun daga ranar Inna ta ɗinke bakinta, irin ɗinkin da ni mai sana'ar ɗinki ban taɓa yin mai ƙarfinsa ba.

Kada a ɗauka ba ta son shi. In ƙorafi ne ma ni ya kamata in yi. Ni da take kira tata a gaban kowa, ni nake kankare ƙanzo, shi kuwa tuwonsa ne ke iyo a man shanu. "Ku aje ma baƙon ga, kada ya ce gidanmu da rowa," in ji ta. In ya daɗe a gona sai ta fita ƙofar gida ta tsaya wai akuya take nema, alhali akuyar na ɗaure a turke tana kallonta. Shi kuma ya mayar da abin wasa. In samari suka tsokane shi a dandali sai ya ce ai shi ɗan cin rani ne, ubansa ne ya yi mantuwa. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma na sha lura, idan wata uwa ta yabi ɗanta a gaban mutane, sai ya sunkuya ya kama gyaran takalmin da bai tsinke ba.

Da babanmu ya rasu gona ta dawo hannunsa. Gero da dawa na ci ne, auduga ita ce ta sutura da gyaran ɗaki da aure. Ina yarinya nakan maƙale a bayan amalanke in bi su fulotin Anka inda ake auna ta. Wani ƙaton sito ne mai rufin kwano, da ma'auni a ƙofa, auduga jibge har kusa da rufi. Duk wanda ya fito daga ciki sai ka ga ya yi furfura, yaro da babba. Ranar da aka sayar, yayana yakan sayo mana tsire da rake, ya sayo wa Inna turmin atamfa ya ajiye a kan gadonta bai ce komai ba, ita ma ba ta cewa.

Sai abin ya fara lalacewa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Masu saye suka rage zuwa. In sun zo su yi tayin wulakanci. Aka riƙa cewa masaƙun birni suna sallamar ma'aikata, wasu ma sun sa kwaɗo a ƙofa. A daidai lokacin ne atamfa 'yar China ta cika kasuwa. An ce ta ruwa take zuwa, a sauke ta a bakin teku a hau da ita ƙasar Nijar, sannan manyan motoci su sulalo da ita ta kan iyaka. Lokacin na yi aure a Gummi, ina da keken ɗinki a ɗakina, kuma ba zan ɓoye ba, ni kasuwa ta buɗe mini. Atamfar ga araha ga ɗaukar ido, ko da yake wanki biyu take yi ta koɗe. Matar da a da sai salla take ɗinki ta koma kowane biki da sabon kaya. Ban taɓa haɗa rawar ƙafata a kan keke da audugar da ke jibge a ɗakin yayana ɓeraye na haihuwa a ciki ba, sai ranar da ya zo ya zauna a kan tabarmata, ya ɗauki wani ƙyalle ya murza a yatsunsa.

"Wagga ko zaren kaɗa guda babu cikinta," ya ce, yana nufin zaren auduga. "Roba ta."

Daga baya shi ma ya bi sahu. Ya sayar da san noma, ya sayi babur, shi ma ɗan China, ya riƙa ɗaukar atamfar daga shagon wani ɗan kasuwa a Gummi yana zagawa da ita kasuwannin ƙauye, daga Zugu har Bukkuyum har Anka. Maganar aure aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Na ce masa kai da abin da ya kashe maka gona kuka koma goyon juna. Ya ce to ya zai yi, ciki ba ya tambayar inda tuwo ya fito.

Shekarar da abin ya faru ana shirin zaɓe. Rediyo ta kama wata kalma da ba mu saba ji ba, wai baƙin haure. Wai sun cika ƙasa, wai ana yi musu rajista su jefa ƙuri'a, wai su ke kawo sata. Mu dai mutanen Nijar da muka sani su ne masu haƙar rijiya, da masu ga-ruwa, da wani dattijo mai shayi a tashar Gummi wanda ya girme wa rumfar tashar kanta. Ba mu taɓa kallonsu a matsayin mutanen wata ƙasa ba. Sai ga shingaye sun ƙaru a hanya, da wasu masu kaki da ba kaya suke bincike ba, mutane suke dubawa. Su tsayar da mota, su leƙo, su bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Takarda kuwa wa ke da ita a ƙauye? An zo an ɗauki hotunanmu na katin ɗan ƙasa, katin bai fito ba. Takardar haihuwa, mu da aka haifa a bayan ɗaki, ko labarinta ba mu ji ba.

Ranar da na fara ganin an sauke wani mai ga-ruwa daga motar da nake ciki, fuskar yayana na gani a tasa. Da yayana ya zo ɗaukar kaya na tsare shi.

"Yaya, in sunka tambaye ka, ka ce kai Ba'aren Kangiwa na. Akwai su can, kuma 'yan ƙasa na. Kada ka ce Bazamfare."

Ya yi dariya har yana buga cinya. "In bar garin ubana in ari na wani? Ke dai ɗinki ya taɓa miki kai."

Na ce ya bar hanyar kwalta ya riƙa bin ta daji. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Na yi fushi na ce to ya je, taurin kai dai ba gadonmu ba ne, wataƙila wanzamin ne ya bar masa. Har yau ina jin ɗacin wannan maganar a bakina.

Bazara ta kai bazara a shekarar. Zafi kamar a bakin murhu, ga sanƙarau yana zagawa, yau a ce ya shiga wancan ƙauye, gobe a ce ya ɗauki yara a wannan. Wata rana bayan azahar wani direba maƙwabcinmu ya yi sallama a ƙofar gida bai ko kashe mota ba. Ya ce a shingen da ke gaba da mararrabar Bukkuyum ya ga yayana zaune a ƙasa cikin masu haƙar rijiya, babur ɗinsa jingine da itace. Na ce kayan suka kama? Ya ce ko kallon kayan ba su yi ba. Haka kuwa aka yi, kafin la'asar mai atamfa ya aika an ɗauko masa abinsa cif. Atamfar da ta haye iyaka ba takarda ta kwana a shago, wanda ya goyo ta, da bai taɓa ganin iyakar da idonsa ba, aka wuce da shi Anka.

Maigidana ya ɗauki mai garinmu suka je. Suka dawo jiki a sanyaye. An ce musu yanzu kowane mai gari rantsuwa yake yi cewa duk wanda aka kama nasa ne, saboda zaɓe ya matso, don haka maganar mai gari ba ta da nauyi. In da gaske ɗan gari ne, a kawo uwar da ta haife shi ta faɗa da bakinta. Kuma a yi sauri, don mota na cika za a kai su bakin iyaka.

Maigidana ya ce ai abin ya zo da sauƙi. Ni kuwa na san Inna.

Washegari da safe na hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Na tarar da ita zaune a bakin gado da mayafinta a kai, ta riga ta shirya, ga kwanon tuwon jiya a rufe ba a taɓa ba. A hanya, cikin mota, na kama hannunta na riƙa maimaita mata kamar mai biya wa yaro karatu.

"Inna, magana guda ta. In ya tambaye ki, ki ce ɗana na, ni nih haihe shi. Shi ke nan mu taho da shi gida."

"Na jiya."

"Yanzu ba jariri ba na, Inna. Ga shi da gemu. Abin ga ya wuce."

"Na ce miki na jiya."

Muna shiga Anka motarmu ta tsaya aka wuce da makara, ƙarama, mutum biyu ne ma ke ɗauke da ita. Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Na ji hannunta ya yi sanyi a cikin nawa, duk da zafin da ake yi.

Ashe a tsohon fuloti aka tara su. Tunda auduga ta daina zuwa siton ya zama kango, shi ne aka share aka zuba mutane. Ma'aunin na nan a ƙofa ya yi tsatsa. Na leƙa ciki, wari da zafi suka buge ni. Maza zazzaune a ƙasa sun jingina da bango, har da dattijon nan mai shayi na tasharmu. Yayana na kwance a kan wani tsohon buhu ya yi matashi da hannunsa. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsattsage. Mai shayi ya raɗa mini cewa tun jiya zazzaɓi ya rufe yayana, kuma da safen nan an fita da wani zuwa asibiti wuyansa ya sandare.

Jami'in da ke kula da su yana zaune a kan benci a gindin dogon yaro. Mutum ne mai ɗan shekaru, Hausarsa irin ta Kano, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugu ba ne. Da ya ga Inna ya tashi ya ba ta bencin. Ya ce ya yi shekaru yana aiki a kan iyaka, tsagar fuska ba ta ɓace masa.

"Da ya ce mini shi Ba'aren Kangiwa ne, da na yi shakka na sake shi," in ji shi. "Amma ya dage wai Bazamfare ne. To dubi fuskarki, dubi ta tsohuwa, ki dubi tasa. Wanda ya ɓoye asalinsa ai akwai abin da yake gudu."

Aka fito da yayana ana riƙe da shi. Ya durƙusa a gaban Inna ya gaishe ta. Ta kai bayan hannunta goshinsa, ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya a kan wuta.

"Mama," in ji jami'in, "tambaya ɗaya ce. Wannan ɗanki ne? Ke kika haife shi?"

Inna ba ta dube shi ba. Ta dubi ƙofar siton, ta dubi bayan itacen, ta waiga wajen hanyar da aka bi da makara. Na san wannan waigen. Tun ina ƙarama nake ganinsa, waigen mai duba ko akwai wanda ya kasa kunne. Na matse mata hannu har sai da na ji ƙasusuwan.

"Ba nau ba na," ta ce. "Baƙo na. Wani Ba'are yab bar man shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi ihu, na rantse da Allah, na ce tsohuwa ce ta ruɗe, na ce wabi ne, na zayyana masa labarin wanzami da ƙyanda da komai, ina yi ina haɗiye kuka. Mutanen cikin siton suka taso suka cika ƙofa. Jami'in ya bari har na gaji, sannan ya rage murya.

"Na san wabi, a garinmu ma ana yi. Amma ba ni kaɗai ba ne a nan. Ga na gaba da ni can a mota, ya ji abin da ta ce. Ta gyara da bakinta, ko a hankali ne, ni zan ce na ji."

Na zube a gabanta na kama ƙafafunta. "Inna, don Allah don Annabi. Ko raɗa ki yi mai ga kunne. Babu mai ji."

Hawaye na bin tsagar kumatunta suna ɗiga a mayafi. Bakinta ya buɗe, har na ce ga ta nan za ta fito. Ta sake duban jajayen idanun yayana.

"Jikinai da zahi," ta ce. "Ku ba shi magani, don Allah. Amma baƙo na."

Na juya zan sake magana, yayana ya dafa kafaɗata. Hannunsa kamar garwashi.

"Ƙyale ta," ya ce. "Haka nit tashi ina ji." Sannan ya dubi Inna, ya yi irin murmushin da yake yi a dandali in an tsokane shi, sai dai wannan karon babu wanda ya yi dariya. "Na gode da riƙo, Inna. An riƙe baƙo da kyau."

Bayan la'asar aka kawo babbar mota aka loda su. Inna ta kwance bakin mayafinta, ashe ta ƙullo dawo da ƙuliƙuli tun daga gida. Ba ta ba shi a hannu ba, mai shayi ta miƙa wa ta ce ya ba baƙon ga in ya ji yunwa. Muka tsaya a bakin titi muna kallo. Motar ba ta yi nisa ba ta ratse gefe, don ta ba wasu manyan motoci hanya, masu zuwa daga arewa an lulluɓe su da tamfol, sun yi nauyi har suna rangaji. Shinkafar waje ce da atamfa, kowa ya sani. Na ga an ɗaga musu sandar shinge tun kafin su iso.

Na daɗe ban yi wa Inna magana ba. Na tsane ta a kwanakin nan, tsana ta gaske, kuma ina tausayinta, duka a lokaci guda, har na rasa wanne zan bi. Maigidana ya ce in kwantar da hankalina, iyakar nan ba ta da ƙyaure, duk wanda aka kai zai dawo ta daji. Gaskiyarsa kuwa. Ba a daɗe ba masu haƙar rijiya suka dawo suka ƙarasa rijiyar da suka bari. Masu ga-ruwa suka koma kan garewaninsu. Wata safiya na ji an ce mai shayi ya kafa teburinsa a tasha. Na ɗauko Inna daga ƙauye muka je wurinsa tare, don in akwai mugun labari ta ji da kunnenta.

Mai shayi ya ce zazzaɓin yayana ya sauka tun a garin da aka zube su, ba sanƙarau ba ne. Ya warke sarai.

Inna ta juyo ta dube ni, fuskarta ta yi haske. "Kin gani?" ta ce. "Da na ce nau na, da yanzu an ruhe shi."

Na tambayi mai shayi, to ina yake, me ya hana shi dawowa tare da su?

Dattijon ya daɗe yana goge kofin da ya riga ya bushe. Ya ce ya yi ya yi da shi, ya ƙi. Ya ce a can duk inda yayana ya bi, mutane na ganin fuskarsa sai su gaishe shi gaisuwar ɗan gida, su tambaye shi na wane gari ne. A kasuwa wata tsohuwa Ba'ara mai fura ta ga yana layi don rashin ƙarfi, ta ce zo nan ɗana, zauna ka sha. Wai sai ya zauna a ƙasa a gabanta ya rufe fuska da hula, ya daɗe bai ɗago ba. Bayan kwana kaɗan ya haɗu da wasu samari masu tafiya arewa, ta Agadas, su haye hamada neman aiki. Yayana ya ce a gaya mana gona ta mutu, babur kuwa mai atamfa ya riƙe shi, a gida kuma dama shi baƙo ne, to gara ya je inda baƙunta ke da lada.

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce rana na yi, a kai ta mota.

Sau ɗaya muka ji muryarsa. Lokacin wayar hannu ta iso Gummi, akwai mai waya a ƙarƙashin lema a tasha, kusa da teburin mai shayi. Inna ta zo mini zaman jego, sai ga aike wai mu zo da gudu. Muryar na zuwa tana yankewa. Ya ce yana wani gari bayan hamada, yana ɗaukar bulo a wurin gini. In an ga motar masu kama marasa takarda sai a watse a ɓuya. "Nan kam baƙon gaske ni ke," ya ce, ya yi 'yar dariya. Ya ce wasu abokansa na maganar haye ruwa, an ce can gaba aiki ya fi. Na ce kada ya soma, na ce ya dawo, zaɓe ya wuce, an kwashe shingayen, babu mai duba fuskar kowa. Ya ce in ba shi Inna.

Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika.

"Baƙo, kana cin abinci?"

Ban ji abin da ya ce ba. Ta yi shiru, shi ma na san shirun ya yi, yana jira. Na ga leɓɓanta na motsi ba sauti. Ta waiga ta dubi mutanen tasha. Kafin ta juyo layin ya yanke.

Daga nan ba mu sake ji ba. Na koma mai kasa kunne ga rediyo, abin da a da ban damu da shi ba. Yau a ce mota ta lalace a tsakiyar hamada an tsinci mutane a bushe, gobe a ce kwalekwale ya kife. Ba a faɗin sunaye, ba a faɗin garuruwa. Inna kuwa ko a jikinta, ko kuma haka ta nuna. Duk wanda ya yi mata jaje sai ta ce ai baƙo ne, ya koma wurin danginsa, lafiyarsa lau. Kullum da yamma tana fita ƙofar gida neman akuya. Muddin tana faɗin haka, ni ma sai in ji kamar yana nan da rai a wani wuri, don na san ba banza take ɓoyon ba.

Shekaru suka tafi. Sai zinariya ta yi daraja a duniya, aka ce akwai ta a dajin Anka da Bukkuyum. Baƙi suka kwararo daga Nijar da ƙasashen bayanta, da diga da shebur, babu mai tambayarsu takarda. Matasan ƙauyenmu ma suka bar gonaki suka bi su rami. Inna, da tsufanta, ta kafa ƙwaryar fura a bakin hanyar da suke bi. Na ce mata me za ta yi da wahala, ni ba na aiko mata ba? Ta ce zaman ɗaki ne ke sa mata ciwon ƙafa. Na san fuskoki take dubawa.

Wata rana na je ƙauye na zauna kusa da ita ina taya ta dama. Wani saurayi ya tsaya, jikinsa duk jar ƙasa, da layi biyu a kowane kunci daga baki zuwa kunne. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa bayan hamada, ya ce ya je, korarsu aka yi. Sai ta shiga kwatanta masa yayana, tsawonsa, da wushiryarsa, da tabon ƙyanda a gefen wuya, da yadda yake buga cinya in yana dariya. Saurayin ya yi tunani, ya girgiza kai, ya ce masu tafiya suna da yawa, masu dawowa kaɗan ne.

"Mi na na shi gare ki, Inna?" ya tambaya.

Na sunkuyar da kai ina jiran amsar da na sani tun ina goye.

"Ɗana na," in ji Inna. "Ni nih haihe shi."

Ludayi ya suɓuce daga hannuna. Da ƙarfi ta faɗa, har masu wucewa suka juyo. Ba ta dubi ƙofa ba, ba ta dubi hanya ba, ba ta waiga ko'ina ba. Maganar da na yi shekaru ina roƙo, da na zube a ƙasa a Anka ina kuka a kanta, ga ta ta fito a sauƙaƙe, ni kuwa sai na ji da ma ban ji ta ba. Inna ta gama yanke wa ranta cewa babu sauran wanda za ta ɓoye wa mutuwa.

Ta ɗauki ludayin ta ɗauraye, ta cika wa saurayin kwano. Da yamma ta yi, ba ta fita neman akuya ba.